Da Sauƙi

Hamdiya 'yar Damagaram ce, maƙwabciyata a Rillieux-la-Pape, gefen birnin Lyon a Faransa, tana hawa na shida ni ina na biyar. Karatu ya kawo ta Lyon, aiki ya riƙe ta. Shekararta tara a wata babbar ƙungiyar agaji, a wani biro, wato ofishi, da ke tura magani da likitoci inda yaƙi ko annoba ta faɗa.

Ban da shirya kwalayen magani, akwai aikin da take ji da shi. Duk likitan da za a tura ƙasar Hausa, sai ya zauna gabanta ta koya masa gaisuwa. Darasinta na farko ba ya canzawa: in ka tambayi Bahaushe ya jiki, zai ce da sauƙi. Ko da ƙyar yake numfashi, da sauƙi zai ce, don haka kada ka tafi, tsaya ka duba shi da kyau. Likitocin su yi dariya suna rubutawa.

A biron nan kuwa kowane saƙo da jan tambari yake zuwa, an rubuta urgent, wato gaggawa. Wallahi na tsani kalmar nan. Mu zauna cin tuwo ran Lahadi, waya ta yi ƙara, sai ta wanke hannu. Sunan jikata ma a bakin ƙofa ta yi shi, waya a kunne. Hutunta na shekara biyu yana nan ba ta taɓa shi ba, ita da ke da uwa tsohuwa a gida.

Bara da damina ƙanenta Alasan ya turo saƙon murya. A kicin ɗina ta kunna shi. Ya ce Inna ta ɗan kwanta, amma da sauƙi, tana dai tambayarki.

Na ajiye ludayi. Na ce, “Ke Hamdiya, tsohuwar da ba ta taɓa cewa ki zo ba yau tana tambayarki, me kike jira?”

Ta ce, “Tanti Balkisa, kwalara ta ɓarke, kuma mu biyu ne a sashen, Leïla na jego. In na tafi maganin nan ba zai tashi ba. Kwana goma kawai.”

Washegari ta gaya wa shugabanta Yanis. Mutumin ba mugu ba ne, ya tambaye ta ko abin na gaggawa ne, in haka ne ta tafi yau. Kun san amsar da ta ba shi? Ta ce an ce da sauƙi. Shi bai taɓa zama ajinta ba, ya ɗauki maganar yadda ya ji ta, ya sa mata hutu bayan kwana goma.

Magani ya tashi ran na tara. Ran na goma ta kama jirgin ƙasa zuwa Paris don ta hau jirgin sama zuwa gida, jakarta cike da man shafa na ciwon gwiwa da safa mai kauri, don Inna na kukan sanyin ƙafa. Tana sauka tasha da azahar Kawunta Sa'idu ya kira. Shi mutum ne mai gajeren zance a waya, sallama ɗaya ya faɗi abin da ya kawo shi. Ranar sai ya ja gaisuwa: ya aiki, ya gajiya, ya baƙunta, ya mutanen gidan, ya Hajiya Balkisa. Ta ce min tun yana kan ya gajiya ta zauna a kan jakar. Da ya kai ga “sai haƙuri”, an ma riga an dawo daga maƙabarta.

Ta ƙarasa gida duk da haka, ta samu sadakar uku. Safar ta ba wa gwaggonta.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da biron da ya bar mutum biyu da aikin mutum biyar, na yi fushi da ita, na fi yin fushi da kaina da ban ɗauki jakarta na kai ta tasha tun ranar ba.

Ta koma aiki, har yanzu ita ke koya wa likitoci gaisuwa. Shekaranjiya da hantsi na lura ban ji motsinta a sama ba kwana biyu, sai na kira ta. Na ce, “Hamdiya, ya jikin?”

Ta ce, “Da sauƙi, Tanti.”

Ban jira lif ba. Na ja mayafina na hau bene.