Layin Biro a Ƙaurina

Jama'a, wata biyar ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Wasu sun ce na ƙara aure, wasu sun ce na tare a Lome. Ba ko ɗaya. Jinyar ƙafa nake yi.

Da damina na je Lome sarin takalma kamar yadda na saba. Kaya ba su fito ba, sai mai masaukina, Alhaji Sale, ya ce mu je bakin teku mu sha iska. Ba lokacin baƙi ba ne. Rumfuna a rufe, kujeru a kife, daga mu sai wata mata mai gasa kifi. Wuri shiru, har na fara gyangyaɗi.

Da na farka sai na kwaɓe takalmi. Alhaji ya ce, "Bala, ruwan nan fa ba irin naku ba ne."

Na ce, "Alhaji, ɗan Haɗeja kake yi wa wa'azin ruwa?"

Taku biyar na yi cikin ruwan, wani abu ya soke ni a tafin ƙafar hagu. Baƙar ƙaya ce, ta karye a ciki.

Mu a gida in ƙurungu ya soke ka, matse jinin ake yi, a ɗiga man kaɗe mai zafi, a ɗaure. Haka na yi, a kan garwashin mai kifin nan na narka man. Tana ta nuna min hanyar asibiti da hannu, ni ina mata dariya.

Kwana uku muna mota. Kafin Kano zazzaɓi ya rufe ni. Kafin Haɗeja ƙafar wandona ta ƙi wuce ƙauri.

A asibitin garinmu kallo ɗaya suka yi, suka tura ni Kano. Matata Hauwa ce ta raka ni. An ɗebi jini, an ɗauki hoto. Likitar ta ce, "Malam, tun yaushe kake da ciwon suga?"

Ban taɓa sanin ina da shi ba.

Ta ɗauki biro ta zagaye ƙaurina, ɗan sama da inda kumburin ya tsaya. "Za mu sa maka magani ta jijiya. In ya haye layin nan zuwa jibi, daga gwiwa za mu yanke."

Ban taɓa kallon wani abu kamar yadda na kalli layin nan ba. Kashegari da safe kumburi ya taɓa shi.

Zan faɗi gaskiya, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Hauwa ta aro min biro, in goge layin, in ɗan matsa da shi sama.

Ta ce, "Baban Amira, wannan ba lambar takalmi ba ce da za ka kankare ka sake wa mai saye. In ka yaudari likita, wa za a binne?"

Na haƙura da biron. Ta zauna ta riƙe hannuna.

Ranar da aka ɗiba, likita ta zo da ɗalibanta. Ta danna, ta sake dannawa. Can ta sa ɗan yatsanta tsakanin kumburin da layin. Ya shiga.

Ta ce, "Ya ja baya."

An shiga da ni tiyata duk da haka. Yatsu biyu sun tafi. Sati bakwai ana wankin ciwo kullum safiya, ina cizon hula. Babur ɗina ya tafi a magani, ban yi kukansa ba.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitan nan da masu wankin ciwo. Allah Ya saka wa Alhaji Sale da ya biyo ni har Kano, bai ko ce "ai na faɗa maka" ba. Hauwa kuwa, bakina ya yi kaɗan.

'Yan'uwana matafiya, ku gwada suga ko kuna jin ƙalau. Kada ku shiga teku ba takalmi. In wani abu ya soke ku a can, ku nemi asibiti a ranar, kada ku hau mota da shi. Maganin gida na kifin gida ne.

Jiya na taka zuwa masallacin Juma'a. A hankali, amma ba wanda ya riƙe ni.