Burodi Mai Ƙugu

Mijin yayata mutum ne da ba ya alfahari da komai sai laushin burodinsa. A birni, in ya fito da burodi daga tanda, sai ya danna shi da babban yatsa, ya tsaya yana murmushi yana kallon yadda yake tasowa a hankali. Shi ya sa na laƙaba masa Mai Laushi, sunan kuma ya bi shi.

Da aka buɗe sabon gidan burodi a wani ƙauye aka neme shi ya riƙe tanda, bai yi gardama ba. Ya gaji da aiki ƙarƙashin wani mai tanda, ya gaji da cusa iyali a ɗaki ɗaya. Nan kuwa har da gida aka ba shi, jikin wurin aikin. Yaya dai ƙafarta ce ta bi shi, zuciyarta na birni. Na raka su don in taya ta jere, amma ina! Ta zare tukunya da 'yan kwanuka, sauran kayan ta bar su ɗaure da igiya a bayan ƙofa.

"Baban yara, ba zan kwance ba," in ji ta. "Mu ga ƙarshen damina. In wurin bai karɓe ka ba, mota ɗaya za ta mayar da mu."

Wurin kuwa bai karɓe shi ba. Masu saye ba a nan suke ba, suna ƙauyukan kewaye, mai babur ke kai musu. Zai jera burodi a kan faifan katako, ya ɗaure tam, ya bi hanyar da duk ramuka ce. Da yamma ya dawo da rabi a lotse, kamar an zauna a kai. Mai gidan burodin ya fara zancen neman wani.

"Mai Laushi, yau ma tabarma ka gasa?" na ce masa. Bai yi dariya ba.

Da wani ne, a kan mai babur zai huce haushinsa. Shi kuwa washegari ya ari babur ya bi bayansa. Ya dawo da laka har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi.

"Ba laifinsa ba ne," ya ce wa Yaya. "In bai ɗaure da ƙarfi ba, a rami zai zubar. Hanya ba za ta gyaru don ni ba. In kiɗa ya canja, ai rawa ma sai ta canja."

Ya rage ruwa a kwaɓin, ya ƙara wa burodin zama a tanda har bayansa ya yi ƙarfi. Kafin ya sa a wuta kuma, sai ya danna tsakiyar kowanne da siririyar sanda, ya fitar masa da ƙugu inda igiya za ta kwanta. Ina tsaye ya fito da na farko. Ya danna da yatsa kamar yadda ya saba, burodin ya ƙi lotsawa, ya kau da kai. Wallahi ya ba ni tausayi, ya kuma burge ni. Ba kowa ke ajiye abin da aka san shi da shi don matarsa ta samu wurin zama ba.

Burodin ya riƙa isa lafiya. Manoma kuma suka gano yana karyewa biyu daidai a ƙugun nan, wa da ƙane su raba a gona ba rigima. Kowa sai ya ce a ba shi mai ƙugu.

Wata safiya, damina na ja da baya, kaya suka yi wa mai babur yawa har igiyarsa ta kasa zagayewa. Ya shiga neman ƙari, aka duba ko'ina babu. Yaya ta tashi ta shige ɗaki. Muka ji ƙarar kwanuka. Ta fito da igiya a hannu ta miƙa masa.

"Ungo, malam. Ba sai ka dawo da ita ba."

Mai Laushi ya dubi igiyar, ya dube ta, ya juya da sauri wai zai duba tanda. Sai da na tuna masa babu komai a ciki.

"Ke kuma kin tsaya surutu," in ji Yaya. "Zo mu jera."