Tsakin Ƙarfe a Zumar Kawu

A shekara ta biyu da damina ta yi mana rowa, ina koyar da kimiyya a Isa, sabon malami, kaina cike da littafi. Kawuna, yayan mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, fataucin zuma yake yi. Yakan ɗauko ta daga ƙauyukan tsallaken iyaka ya kawo kasuwar Sabon Birni, kuma kowa ya san ba ya algus. Wannan suna shi ne jarinsa, don ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu.

To, fari ya hana itatuwa fure, ƙudan zuma suka gudu suka bar amya wayam, amma kwalaben kawu ba su ragu ba. Sai magana ta fara yawo cewa yana dama zumarsa da ruwan sukari. Ranar da wani mai shayi ya faɗi haka a gabana, saura kaɗan in kifar masa da tebur. Haka Allah ya yi ni, zuciyata a kusa take.

Na rantse sai na wanke kawu, kuma da ilimi. Na roƙi maƙeri tsakin ƙarfen da ke zuba in yana guga da magagari, na zauna da tsinke ina tsince dogayen, sirara kamar ƙaiƙayi. Na ciro maganaɗisu daga lasifikar wata matacciyar rediyo. Na samo ƙananan kwalaben magani masu haske, na ɗaura wa kowace zare biyu, tsakaninsu faɗin yatsa. In na cika kwalba da abin da zan gwada, na zuba tsakin a sama na kara maganaɗisun a gindi, sai su juya su miƙe, su bi juna zuwa ƙasa, ni kuma ina duba agogo daga zare zuwa zare. A ruwa, kafin ƙiftawar ido sun wuce. A man gyaɗa sukan ɗan yi nawa. A tsohuwar zumar da matata ta ɓoye don magani tun kafin fari kuwa, sai ka gaji da jira, suna jan jiki kamar jaki da kaya. Zumar da aka dama da ruwan sukari ba za ta riƙe su haka ba. Na maimaita har na haddace, ina jin daɗin kaina ba kaɗan ba.

Da na kai wa kawu labari, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, bar ma Allah." Na nace, ya sake faɗin haka. A wurinmu, in babba ya ce maka a bar wa Allah har sau biyu, ya rufe ƙofa ke nan, don ba zai iya ce wa ɗan ƙanwarsa a'a ƙiri-ƙiri ba. Na san wannan sarai, amma na ɗauka haƙurinsa ne ya yi yawa. Na gayyato liman da 'yan kasuwa biyu da mai shayin nan zuwa zauren kawu bayan la'asar.

Na fara da tsohuwar zuma, kowa ya ga tafiyar tsakin, na faɗi abin da agogo ya nuna. Sannan na ɗebo ta kawu da hannuna, na zuba tsaki, na kara maganaɗisu. Ko rabin rabin lokacin ba su yi ba suka wuce zaren ƙasa. Na ce kuskure ne, na sake. Na sake na uku, duk ɗaya. Liman ya miƙe ya ce magariba ta gabato, alhali rana na nan da sauranta. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, mai shayin da na so in kunyata har da durƙusawa ya yi wa kawu sallama.

Muka rage mu biyu, ni da kawu. Ban iya ɗaga kai ba.

"Awonka daidai na, malam, karatu bai ɓaci ba," in ji shi a hankali. "Geron da nika aiko ma uwarka da ɗiyanka, da mi kaka tsammani nika sayo shi?"

Kasuwa ta gaba bai fita ba, haka wadda ta biyo ta. Ya koma saƙar tabarmar kaba a ƙofar gida, masu wucewa na gaishe shi a gurguje. Har ya koma ga Allah bai sake sayar da zuma ba, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.