Kwanon da Ya Daina Fita Ciyayya

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana. Ba na faɗin sunansa, amma duk wanda ya taɓa sauke kaya a bodar Magama ya san Na-Gangara ɗan dako. Ban yi boko ba. Ɗiyata Hadiza ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta sa wa maganata zuma.

Asibiti sun ce hawan jini ne ya taɓa masa zuciya. Mutanen unguwa sun ce wa'adi ne. Ban musa ba. Amma ni ke wanke tukunyar gidan nan, na san abin da ya riga wa'adin shigowa.

Da rani dako yake yi, da damina ya noma gonarsa ta Gangara. Aka rufe boda, manyan motoci suka ɗauke ƙafa. Gona kuma 'yan bindiga suka hana kowa taka ta. Mutum mai hanya biyu ya wayi gari ba ko ɗaya. Ya daina barci, ya daina wasa da yara, kullum hannunsa a ƙeya.

A unguwarmu maza na ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito masa da kwanonsa ƙofar gidan Alhaji Mudi mai hatsi, a haɗa a ci tare. An ce iyaye sun kafa ta ne don kada wani ya kwana da yunwa. To amma ba a zuwa hannu rabbana. Da gero ya ja baya, sai Malam maigidana ya ce in fara cika kwanon waje, abin da ya saura na yara. Na ce, "Malam, ƙattin da suka ƙoshi za mu ciyar, 'ya'yanka su kankari ƙanzo?"

Ciwon kai ya kai shi asibiti. Aka ce ya rage gishiri, ya riƙa cin kifi da ganye da 'ya'yan itace, kuma ya daina tunani. Ya dawo yana dariya. "Kin ji, wai in daina tunani. Wa zan ba ajiyarsa?" Da wannan maganar ta likita ya rufa wa kansa asiri. Ya je ya ce wa mazan an hana shi miyar gishiri, daga yau nasa daban ake yi masa a cikin gida. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka gyara zama, suka cike gurbinsa a tabarma.

Nasa na daban kuwa garin kwaki ne da gishiri da magi, ranar da aka samu. Abin da aka hana shi, shi kaɗai muke iya saye. Ranar da babu, goro da ruwa. Sannan ya sa tsinke a baki ya fita yana sakace, yana gaishe su. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, a ce babu wanda ya gani? Sun gani. Rashin tambayar ya fi musu arha.

Wata safiya ya faɗi a tasha da buhu a kafaɗa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. A ranar na ga abinci. Shinkafa, waina, tuwo da nama, ga gumba ranar uku. Har wani ya yi tsami muka zuba wa awaki. Alhaji Mudi ya tsaya daga zaure yana cewa, "Maman Hadiza, wallahi da ya faɗa!" Ihu bayan hari.

Da zai dawo yau, me zai gani? Boda a buɗe, amma gero ya fi ƙarfin ɗan dako. Masu tallafi sai sun ɗauki hotonka riƙe da leda kafin su sakar maka ita. Shi da ya mutu don kada a gan shi, na san ba zai shiga layin ba.

Ya bar mini kwanonsa, ya bar wa ɗansa Kabiru kunyarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kabiru na kabu-kabu, yana da mata da yara. Kwanan baya na ga ya fara dafe ƙeya, sai kuma na ji ya ce wa mazan olsa ta hana shi tuwo. Ban yi shawara da kowa ba. Na sa hijabi, na ɗauki kwanon ubansa babu komai a ciki, na je na dire shi tsakiyar tabarmar da mace ba ta takawa.

Na ce, "Kun san mai shi. Ɗansa ma ba shi da abin zubawa. Ku zuba yanzu, ko ku riƙe gumbarku."

Alhaji Mudi ne ya fara zubawa, bai ɗago kai ba.

Kabiru ya ce na tona masa asiri, ko gaisuwar kirki ba ya yi mini. Ya yi ta yi. Ubansa bai taɓa fushi da ni ba, ga shi can a maƙabarta. Mai fushi yana da rai.