Mumassil daga Amirka

Cikin duk alhazan da suka bi ta hannuna, akwai ɗaya da ranar zuwansa ba ta taɓa fita raina ba. A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina aiki a gidan wani muɗawwifi, Shehu Bakur. Ku yaran yanzu ba ku san tsarin ba. Muɗawwifi shi ke ɗaukar nauyin alhaji tun daga Jidda har ya koma, mu kuma ma'aikatansa mu ke shiga gaba a ɗawafi, muna karanta addu'a alhazai suna maimaitawa. In aka sami wanda ba Musulmi ba ko ɗan leƙen asiri a ayarinka, an ƙwace izininka ke nan, gida ya mutu.

Wakilinmu na Jidda ya turo mana wani dogon baƙin mutum. Ganin fatarsa aka haɗa shi da mu Takari, alhali ko sannu bai sani ba. Direban da ya kawo shi ya ce, "Mumassil ne daga Amirka."

A Larabcin da muka sani, mumassil wakili ne. Shehu ya ja ni gefe.

"Wakilin wa, ya Haruna? Gwamnati ko kamfani?"

"Wallahi ya Ammi, ban sani ba." Haka muke kiransa, wato baffa.

"Tayyib. Kada idonka ya bar kansa."

Ni kuwa dama ba na rasa zargi, abin nema ya samu. Mutumin nan kallonsa ya yi yawa. In ina alwala yana tsaye yana duban hannuna. In tsoho ya wuce sai ya bi tafiyarsa da ido, can in gan shi yana gwada ta a tsakar gida. Sallarsa ba kuskure ko ɗaya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan, domin alhajin gaskiya yakan yi tuntuɓe.

Ana gobe za a fita Mina, Shehu ya ce ba zai hau da shi Arfa ba sai ya san ko wane ne. Aka kira Saje Garba, wani alhajin Kano, tsohon soja mai jin Turanci. Suka yi magana, sai Saje ya fashe da dariya.

"Allah gafarta Malam, ba wakilin kowa ba ne. Ɗan wasan kwaikwayo ne, irin na majigi. Ya ce ya daɗe yana fitowa a kuku ko bara, da ya gaji ya buɗe kamfaninsa yana shirya nasa."

Ashe a Larabci ɗan wasa ma mumassil ake ce masa. Makka ba sinima, Shehu bai gane ba. Sai baƙon ya miƙe, ya ɗan rage tsawo, ya goya hannu a baya, ya yi tarin nan biyu da Shehu ke yi kafin ya yi faɗa. Wallahi Shehu Bakur ne sak. Kowa ya yi dariya ban da mai tarin.

"Wannan ya fi muni," in ji Shehu. "Wanda ya iya zama ni, zama Musulmi zai gagare shi? Haruna, kai ka bi shi. Faɗi abin da ka gani. In na kai shi hukuma ko in na hau da shi, da bakinka ne."

Baƙon ba ya jin Hausa, amma ya daina murmushi, yana kallon bakina. Na tsorata ƙwarai. Ga abincin gidan Shehu, ga hajjin mutumin da ya ƙetaro teku.

Na ce, "Ya Ammi, komai nasa koyo ne, na gani. Sai abu ɗaya. Ranar da na shigar da shi Harami ya ga Ka'aba, na ja addu'a bai maimaita ba. Na sake, shiru. Ya tsaya baki buɗe, hawaye da majina, mummunan kuka irin wanda ba mai so a gan shi yana yi. Kuma bai waiga ya ga ko ana kallonsa ba."

"Ba zai iya kwaikwayon kuka ba?"

"Zai iya. Amma da kwaikwayo ne, da ya fi haka kyau."

Shehu ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Yana wuyanka."

Ya hau Arfa a ayarina, ya yi jifa, ya koma ƙasarsu, ba mu sake jin labarinsa ba. Shehu har ya rasu bai yarda da shi ba, sai dai daga ranar ya bar tarin nan.

Abin da na ɗauka shi ne, sana'armu ba ta kai ga zuciyar kowa. Mu sa kalma a bakin mutum, ya maimaita, iyakarmu ke nan. Na yi shekaru ina karanta addu'ar ɗawafi ba gargada, wani lokaci ina tunanin cefane. Shi kuwa wanda muke zargi da kwaikwayo, a gaban Ɗakin ya kasa furta ko kalma ɗaya.