Tiyar Yaya Haladu da Baƙon Ranar Kasuwa

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa a Karaye. Abin da ya tuna min da shi wannan karon ba wani babban abu ba ne. Jikansa na gani a kasuwa, netiwok ya ɗauke masa, yana ɗaga waya sama yana zagaya buhunan masara kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai. Na yi dariya, sai kuma Yaya ya faɗo min a rai.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Hatsi yake saye a kasuwannin Karaye da Rogo, ya tura Kano. Ni tela ne, rumfata tana kallon tasa, saboda haka cinikinsa kaf a idona ake yi, ko ina so ko ba na so. A zamanin babu waya. Farashin Kano a hannun mutum ɗaya yake zuwa, wani direban babbar mota da ake kira Ɗan'azumi. Da hantsi yake isowa, ya yi sallama, ya tambayi Inna mahaifiyarmu, ya tambayi yara da gona, har sai ka ƙosa. Sannan ya miƙa wa Yaya hannu a ƙarƙashin hannun riga, ya matsa masa yatsu yadda dillalai suke yi. Da haka Yaya yake sanin dawa ta hau ko ta sauka, ba tare da na kusa ya ji ba.

Ranar da mota ta lalace ko aka yi wahalar mai, Ɗan'azumi bai zo ba, Yaya kife tiyarsa yake yi a kan buhu, ya ja carbi. Ba saye, ba sayarwa. Abokan sana'a su yi ta tsokanarsa, ni ma nakan taya su, don taurin kansa yana ba ni haushi. Shi dai ya ce bai ji Kano ba, kuma ba zai auna hatsi da jita-jita ba.

Wata damina, a tsakiyar marka, ruwa ya cinye hanya. Mota ba ta shiga, ba ta fita. Dawar da ke ɗakin ajiyar Yaya kuwa ba tasa ba ce. Ta manoman Kurugu ce, sun ba shi amana: in farashi ya yi kyau ya sayar musu, in shekara ta yi wuya su ɗebi abinsu su ci. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, tiya tana kife. Masu dawar suka fara zuwa suna zama a bakin rumfa, kallonsa kawai suke yi.

Ranar kasuwa ta gaba, rana tsaka, rana ta buɗe tarwai, sai ga Ɗan'azumi a ƙafa. Da idona na gan shi. Rigarsa sharkaf take, tana ɗiga, alhali tun safe ba a yi ko yayyafi ba. Ya bi layin 'yan hatsi ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, bakinsa a rufe. Duk wanda ya saki hannunsa sai ya zabura ya hau kwance buhu. Nan da nan zance ya zaga cewa dawa ta faɗi warwas a Kano, kowa ya rabu da tasa tun da sauran dama. Wasu baƙi masu jakuna, da ban san daga ina suka ɓullo ba, suka yi ta kwasa a banza.

Da ya zo kan Yaya, na ga Yaya ya riƙe hannun ya daɗe yana kallon fuskarsa. Har ya ɗaga tiyar da ɗaya hannun, sai ya mayar da ita a kife. Wani dattijo cikin masu dawar ya miƙe, ya ce, "Haladu, so kake ka kashe mu? Kowa yana sayarwa!"

Yaya ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Yau ma ban ji Kano ba."

Na tsallako na ce, "Yaya, ba ga Ɗan'azumi ya zo ba?"

Ya ce, "Bai yi min sallama ba. Bai tambayi Inna ba. Kuma hannun nan sanyi gare shi kamar gindin randa." Na waiwaya, babu mutumin babu dalilinsa. Inda ya tsaya kuwa ƙasa ta jiƙe. Tsoro ya kama ni, har yau ban ji irinsa ba.

Da hanya ta buɗe muka ji labari. Ruwa ya tafi da motar Ɗan'azumi a mashigi tun kafin waccan kasuwar, an tsinci gawarsa can ƙasa da rafi, har an yi masa sutura. Dawa kuma ba ta faɗi ba, tashi ma ta yi. Kafin sabon hatsi ya nuna yunwa ta shiga ƙauyuka, mutanen Kurugu suka zo suka ɗebi abinsu cif, suka ci da iyalinsu. Wasu sun ce masu jakunan ne suka samo mai kama da Ɗan'azumi. Mai yiwuwa ne. Amma na san gidan su Ɗan'azumi, ba shi da wa, ba shi da ƙane. Allah ne masani.

Yanzu farashi ta waya yake zuwa, daga muryar da ba ka san mai ita ba, babu sallama balle tambayar Inna. Da Yaya zai ga jikansa yana kwance buhu saboda irin wannan saƙon, ina jin wayar zai karɓa ya kife.

Yaya bai bar gida na a zo a gani ba, bai bar mota ba. Tiyar ce a wurina. Duk kaka 'ya'yan waɗancan manoman sukan kawo wa iyalinsa dawa, su ce a ɗauko tiyar a auna, in an gama su kife ta da hannunsu. Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan Ɗan'azumi. Ni kuwa har gobe, in mutum ya miƙo min hannu bai yi sallama ba, ƙasar da ya taka nake fara dubawa.