Amshin Bakin Rijiya

Jiya wani Bafillace ya wuce ta ƙofar gidana a Tanut da igiyar guga jiƙaƙƙiya a kan jaki. Warin nan na kaba da laka ya bugi hancina, wallahi sai da na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na nemi wuri na zauna. Kai da ka tashi a inda ake murɗa famfo, ba lalle ka gane ba. Mu a ƙauyenmu, can gefen kwarin Tarka, rijiya zurfi gare ta na ban tsoro, sai an ɗaura igiya a wuyan bijimi ya yi tafiya mai nisa kafin guga ya leƙo.

Babanmu mai yasar rijiya ne. In bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja baya, Buzaye da Fulani suka cika bakin rijiya da raƙuma da shanu, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura ciki ya kwashe yashi. To, akwai wata al'ada ta masu wannan aiki a wajenmu. Wanda ya shiga ba ya yin shiru. Waƙa zai yi ta bayarwa daga ƙasa, na sama suna amsawa, domin can ciki akwai iska marar kyau mai kwantar da mutum ba tare da ya sani ba. Muddin waƙa tana fitowa, yana numfashi. In ta yanke, a kora shanu a jawo shi.

Baba shi ya tsara tasa. Yakan ce, "Na shiga ƙasa da ƙafata." Mu ce, "Muna ji." Ya ce, "Sama ta koma kamar faifai." Mu ce, "Muna ji." A cikin waƙar nan muka koyi ƙidaya, don yana sauka yana ƙirga gaba. A ciki muka san jar ƙasa ce a sama, sai fara, sai marmara, sai yashi mai sanyi. Tun kafin mu ga allon lakkal, wato makarantar boko, mun san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙanwata, autar gidanmu, ita ce sarauniyar amshi. Takan kwanta rub da ciki a bakin rijiya, wani babba ya riƙe mata ƙafa, ta zuba muryarta siririya a ciki. Baba yakan ce tata ce kaɗai ke isa ƙasa ba ta karye ba.

Ranar da abin ya faru ba na wurin, an aike ni itace. Abin da aka faɗa mini shi ne waƙa ta yanke a tsakiyar baiti. Aka kora shanu da gudu, amma kafin ya iso sama rai ya yi halinsa. Ita kuwa auta, wai ana ja tana ta cewa, "Muna ji, muna ji," har sai da aka ɗauke ta. Daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Ba irin rubutun da malam bai yi mata ba, ta sha har cikinta ya kumbura. Baffanmu ya ɗora ta a amalanke ya kai ta likita a Belbeji, aka haska maƙogwaro aka ce lafiya lau. Tana ci, tana sha, in an aike ta ta je. Amma ko ƙaya ta taka, sai dai ka ga hawaye. Yaran unguwa suka fara ce mata bebiya. Na fasa wa ɗaya baki a kan haka, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

A gidan kowa ya haɗiye waƙar Baba, ko a zuci ba a son tunawa. Sai rannan da hantsi, damina ta sauka, muna daka a tsakar gida, Inna tana ɗaki cikin takaba, Kaka, uwar Baba, ta ɗaga taɓarya ta ce, "Na shiga ƙasa da ƙafata."

Bakina ya buɗe da kansa zai amsa, sai ta harare ni.

"Ke, rufe mini baki. Duk wadda ta amsa a gidan nan sai na ci mutuncinta. Gurbin nan da mai shi."

Baffa ya ji labari ya zo a fusace. "Iya, ki ji tsoron Allah, ki bar yarinyar nan ta manta."

"Ta manta me?" in ji Kaka. "Ɗana ne, ni na haife shi, ka ga na manta? Waƙa ce ta tsaya mata a wuya, kuma ta inda ta shiga ta nan za ta fita."

Haka muka ƙare daminar nan. Kullum Kaka ta bayar, ta tsayar da taɓarya a sama, ta jira. Gida ya yi tsit, sai kukan kaji da ɗigar ruwa daga indararo. Ba ta ko kallon auta. In shirun ya kai tsawon amshi, ta saki taɓarya ta ci gaba da baiti na gaba. Ni dai na tsani wannan shiru, na tsani tsohuwar nan a lokacin, ba zan ɓoye maka ba. Kamar kullum ana sake zura Baba a rijiya ba mai amsa masa. Auta kuwa da farko gudu take yi bayan rumbu. Daga baya ta daina gudu, ta riƙa zama nesa tana wasa da ƙasa. Da gero ya fara fid da kai, ta dawo gindin turmi.

An yanke hatsi, Inna ta fita takaba, muna sussuka a bayan gida da rana tsaka. Kaka ta bi waƙar har inda ta sani, ta tsaya tana share gumi. Sai muka ji wata murya a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ba amshin ta yi ba. Bayarwa ta yi, baitin da babu wanda ya taɓa ji a cikinmu.

"Ku ce wa auta ta..."

Auta ta tsaya cak, daidai inda Baba ya tsaya a cikin rijiya ranar nan. Ta ɗago kai tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Kaka da ta hana kowa amsawa ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Inna ce, wadda ko sunansa ba ta taɓa faɗi ba saboda kunya, ta durƙusa cikin ƙaiƙayi ta ce, "Muna ji."

Yarinyar nan ta ƙwalla ƙara har maƙwabta suka rugo. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta ce tana jin ƙishirwa. Da aka buɗe lakkal a shekarar, da bakinta ta faɗa wa malamin aji sunanta.

Yanzu an yi foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙauyen, rana ce ke jawo ruwa, ba wanda ake ɗaura wa igiya, alhamdu lillahi. Kaka da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Jikokina a waya suke jin waƙa, wadda ba ta tsayawa ta jira kowa ya amsa. Auta ta zama malama a Falanko, ƴan aji ɗaya take koyarwa, kuma komai da waƙa take sa musu, daga baƙaƙe har lissafi. In an kawo mata yaron da ba ya magana, ba ta matsa masa, sai ta bar masa gurbinsa a amshi har ranar da ya shirya. Mutane suna cewa ta warke sarai, ni ma haka nake cewa.

Sai dai in ta kira ni a waya muna hira, na ɗan yi jim ina tunani, ko layi ya ɗauke na ƙiftawar ido, sai in ji matar nan mai furfura ta ce, "Yaya? Yaya!" da muryar ƙaramar yarinya. Shi ya sa ko abinci ne a bakina, ba na bari ta kira na biyu.